An gayyace ni shan gahawa: me zan ce a kawo mini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma tun ina yaro shayin mai shayi na sani. Wani abokin cinikina ya gayyace ni cin abincin rana da shan gahawa a wani shahararren gidan abinci da ke unguwar Nasarawa a Kano. Na taɓa shiga irin wannan wuri sau ɗaya, aka miƙo mini takarda cike da sunayen da ban gane ba, na nuna ɗaya da yatsa, sai ga wani ɗan mitsitsin kofi mai ɗaci kamar maɗaci. Me ya kamata in nema a wannan karon? Kuma shan gahawa bayan abinci yana da illa?
Daga wani mai karatu a Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Abin da aka kawo maka ran nan shi ne wanda ake rubutawa espresso, kuma ba rowa aka yi maka ba, haka ake shan sa. Inji ne ke tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin gahawa, a samu kurɓi biyu ko uku masu kauri, kuma yawancin sauran sunayen da ke takardar daga shi aka haɗa su. Idan aka ƙara masa ruwan zafi ya zama americano. Idan aka zuba masa madara mai zafi da kumfa mai yawa ya zama cappuccino, idan kuwa madarar ce ta rinjayi kumfar, shi ne latte. Mutumin da harshensa ya saba da shayi mai kauri, latte ya fi kusa da abin da ya sani, don haka shi nake ba ka shawarar ka nema. Ba a saka sukari tun daga ciki, a gefe ake ajiye shi, kai za ka zuba gwargwadon yadda kake so.

Mutanen Italiya, waɗanda daga wajensu waɗannan sunaye suka fito, ba su cika shan gahawa mai madara bayan abincin rana ba, amma a Kano babu wanda zai kalle ka a kan haka.

Batun abinci ba shi da wahala. Yawancin irin waɗannan wurare suna da shinkafa dafa-duka ko soyayya da kaza, da shawarma, wadda ba baƙuwa ba ce a garin da Kwarori, wato 'yan Labanan, suka daɗe da zama. Ka tambayi mai kawo abinci abin da ke cikin kowane kwano kafin ka zaɓa, domin aikinsa ke nan. Tunda an gayyace ka ne, biyan kuɗi na mai gayyata ne, sai dai ka sani don gaba cewa wasu wuraren suna ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan farashin da ke rubuce. Ku kuma daidaita lokaci yadda Azahar ba za ta riske ku da cokali a hannu ba.

Game da illa, ga mai lafiya kofi ɗaya ba abin damuwa ba ne. Sinadarin kafin da ke cikin gahawa shi ne dai wanda ke cikin goro da ganyen shayi, kuma hukumomin lafiya na Amurka da Turai sun ƙayyade kimanin miligiram 400 a yini ga baligi, alhali espresso ɗaya yana ɗauke da kusan 60. Sai dai akwai abu biyu da zan ja hankalinka a kai. Gahawa tana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga abinci, don haka mai ƙarancin jini gara ya bar tazarar kamar awa guda tsakanin ci da sha. Sannan kafin yana daɗewa a jiki, domin bayan kimanin awa biyar rabinsa ne kawai ya fita, shi ya sa wanda ya sha bayan La'asar kan kwana yana juyi. Idan kana fama da gyambon ciki ko hawan jini, ka tuntuɓi likitanka tukuna, ko kuma ka nemi wadda aka cire wa kafin, za ka ga an rubuta decaf a gabanta.