Famfo na zagaya farar tawada, amma hed na toshewa

Ka ce injin DTF na shago, wato mai buga zane a kan fim ɗin da ake manna wa riga, yana da famfon da ke zagaya farar tawada, amma da an kwana biyu ba a buga komai ba, sai farin ya fito da layi-layi, sauran launuka kuwa lafiya lau. Har kana tunanin ko a sa famfo mai ƙarfi.

Ɗana, kada ka taɓa famfon tukuna. Ɗora yatsa a kan tiyo ka bi shi ka ga inda zagayen ya tsaya. Tawada na tasowa daga tanki, ta ratsa filta, ta kai wata 'yar mahaɗa kusa da hed, wato kan da ke fesa tawada, daga nan ta juyo tanki. Damfa, 'yar ma'ajiyar tawada da ke bisa hed, ba ta cikin wannan zagaye, balle cikin hed ɗin. Irin su XP600 da i3200 na Epson ƙofar shiga kawai gare su, tawadar da ta shiga ba ta da mafita sai ta nozul, ƙananan ramukan da ke fesa ta. Shi kuma farin, garin titaniyam dayoksayid ne a cikinsa, wanda ya ninka ruwa nauyi wajen sau huɗu. Da ya samu wurin da ba motsi sai ya kwanta, kamar yadda kamu ke kwanciya a gindin roba, ruwa ya taso sama. To a damfa da ƙananan hanyoyin cikin hed yake kwanciya, inda famfonka bai isa ba.

Akwai hed ɗin da aka ƙera domin zagaye na gaske, kamar Xaar 1003 da masu buga tayil ke amfani da shi. Bututu biyu gare shi, na shiga da na fita, tawada na wucewa ta bayan kowane nozul ko ana bugu ko ba a yi, tana kwashe kumfa da laka. Gwanintar ƙirarsa a matsi take. Bambancin matsin shiga da na fita shi ke tura tawada, tsakiyarsu kuma shi nozul ke ji, kuma dole ya ɗan gaza matsin iskar waje. Milibar ma'aunin matsi ne, sifili kuma shi ne matsin iskar waje. A ce shiga na da milibar 40 sama da sifili, fita na da 60 ƙasa da sifili: tazarar 100 ce ke tafiyar da tawada, nozul kuma yana jin 10 ƙasa da sifili. Wannan ɗan zuƙon shi ke riƙe tawada a bakin rami. Ainihin adadin kowane hed yana takardar kamfaninsa.

Ka ga dalilin da ya sa na hana ka ƙara famfo. In turawa ta yi yawa, matsin zai kai ga damfa, hed ya riƙa ɗiga, launuka su cakuɗe a fuskarsa. In zuƙowa ce ta yi yawa, sai nozul ya shaƙi iska. Kumfa kuwa babbar abokiyar gabar hed ce: fiyezo, ɗan abin da ke motsi idan wuta ta shige shi, zai matsa ɗakin tawada, kumfar ta shanye bugun, ko ɗigo ɗaya ba zai fita ba. Hatta tsayin tanki lissafi ne, domin kowace santimita ɗaya ta tawada kusan milibar ɗaya ce. Masu ɗora tanki a kan katako don wai tawada ta fi sauka, su ne ke dawowa da kukan ɗiga.

Abin da ke hannunka shi ne shimfiɗar tiyo. Ya zama gajere, kada ya lanƙwasa ƙasa ya yi ciki, nan fari zai taru. Kada kuma ya yi tozo sama, nan iska za ta maƙale. Na dawowa kada ya fi na zuwa ƙanƙanta, don in ka rage faɗin tiyo da rabi, wahalar wucewar tawada ninki 16 take yi. Bakinsa ya nutse cikin tawadar tanki, in yana zubowa daga sama kumfa yake haɗa maka. Filta mai maikron 5 ake yawan sawa (maikron dubu ne milimita ɗaya), ramin nozul kuwa wajen maikron 20 ne, bai kai rabin kaurin gashi ba. Duba kibiyar jikin filtar kafin ka ɗaura.

Ka koyi karanta gwajin nozul, wato layukan da injin ke bugawa don nuna ko kowane rami na fesawa, kafin ka kwance komai. Giɓin da ke sauya wuri daga gwaji zuwa gwaji iska ce, nemi mahaɗar da ta saki ko damfar da ta huje. Wanda ya kafe a wuri ɗaya toshewa ce. In bugu ya fara da kyau ya dusashe a tsakiyar aiki, tawada ce ba ta isowa, filta ko ragar damfa ta cika. In farin ya fito tsululu, garin ya riga ya kwanta a wani wuri.

Sannan ga yanayinmu na Kaduna. An ɗauke wuta da dare, famfo da abin motsa tanki sun tsaya har safe. Da hunturu kuma iska ta bushe, ga ƙura, tawada mai ruwa na daskarewa a bakin nozul nan da nan. Ka riƙe danshin ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 60, ka tabbata robar murfin hed na kamawa ruf. Kowace safiya ka girgiza tankin a hankali, ka bar zagaye ya yi 'yan mintuna, ka yi gwaji, ka buga ɗan zanen fari ko ba aikin kowa, domin ta haka kaɗai tawadar cikin damfa ke sabuntuwa. In za a rufe shago hutun Sallah, a fitar da farin a cika layin da ruwan wanki. Kuma in ya toshe, kada ka danna sirinji da ƙarfi, bangon da ke raba launuka a ciki siriri ne, in ya ɓalle sai sabon hed.