Amsa ga mai son taka keke zuwa duwatsun Tula

Ƙanena, ka ce ka sayi keken tsere mai siririyar taya, zagayen cikin garin Gombe ya ishe ka, kana neman hanyar da za ta ratsa da kai duwatsu da tsofaffin ƙauyuka. Ka kuma tambaya ko mutum zai iya tashi daga Gombe ya je Tula ya dawo a yini guda. Tula kam ka zaɓi wuri, amma kada ka taka daga Gombe. Ka saka keken a mota har Kaltungo, a can tafiyarka za ta fara.

Titin da ya tashi daga Gombe ya bi ta Kumo da Billiri ya shiga Kaltungo shi ne ya zarce Numan da Yola, don haka na tirela ne da tanka da motocin haya masu sauri. Daga Gombe zuwa Kaltungo tsawonsa ya kai wajen kilomita 70. Ko ƙafarka za ta iya, za ka ƙare ne kana waige kana sauka gefen kwalta, ka isa gindin dutsen rana ta take, ƙarfi ya ƙare, alhali abin da ka fito nema bai ma fara ba. Na ga samari masu ƙarfi da suka yi hakan, a ƙarshe turin keke suka yi a hawan, ba su ga komai ba sai tayar gaba. A tasha ka cire tayar gaba, ka naɗe kaca da tsumma, ka biya kuɗin kaya, ka tsaya a kai har a ɗaure shi, don kada a ɗora masa buhun masara.

Daga Kaltungo za ka ɗan bi titin Yola ta wajen Ture kafin ka rabu da shi ka nufi sama. Ka tambayi direbobi da 'yan acaɓa halin da kwaltar take ciki a satin, domin damina ɗaya tana iya sauya hanyar dutse. Tun daga nan ka daina lissafin kilomita, ka koma lissafin hawa. A shimfiɗaɗɗen titi kilomita 10 ba ta kai ta ci maka rabin awa ba, amma a hawan Tula awa guda tana iya wucewa kana kai. Giya ce za ta cece ka. Yawancin kekunan tsere na gwanjo da ake kawo mana an yi su ne don fili, giyarsu mai nauyi. Ka ƙirga haƙoran farantan da kaca ke hawa: in ƙaramin faranti na gaba 34 ne, babban na baya kuma ya kai 30 ko 32, za ka hau a zaune kana numfashi daidai. In na baya bai wuce 25 ba, ka kai wa mai gyara ya canja kafin ka tafi. Taya ma haka. Mai faɗin milimita 23 ba ta jure tsakuwa da ramuka, in firam ɗin, wato ƙarfen jikin keken, zai ɗauka ka sa 28 ko 32.

Abin da ya sa nake son wannan hanya fiye da kowace a jiharmu shi ne, ƙafarka ce za ta karanta maka tarihin wurin. Mutanen Tula da Tangale da Waja ba don sha'awa suka zauna a kan duwatsu ba. A ƙarni na 19 mai doki shi ne mai ƙarfi a fili, doki kuwa ba ya hawa inda akuya kaɗai ke bi, shi ya sa rundunonin da suka mamaye filayen kogin Gongola ba su iya murƙushe Tula ba. Duk wahalar da za ka sha a hawan, ita ce katangar da ta tsare garin. Idan ka kai sama ka duba gonaki. Za ka ga an jera duwatsu hawa-hawa a jikin tudu don su riƙe ƙasa da ruwa, aikin hannu ne na kakanni da jikoki suke gyarawa har yau. Akwai kogunan dutse da aka riƙa ɓoye mata da yara lokacin yaƙi. Su kansu Turawa da suka zo, sanyin wurin ya ja su, a nan suka kafa hedikwatar Tangale-Waja, kuma gidan yarin da suka gina yana nan. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hotonsa. Tula ɗin ma ba gari ɗaya ba ce, akwai Wange da Baule da Yiri, kuma mutumin kowanne zai so ka san daga ina ya fito.

A nan nake so ka saurare ni da kyau. Waɗannan garuruwa gidajen mutane ne, suna da sarakunansu, Mai Tula da Mai Kaltungo da Mai Tangale, da hakimai da dagatai a ƙarƙashinsu. In ka shiga ƙauye ka sauka daga keke, ka cire tabarau, ka yi wa dattawan da ke gindin bishiya sallama, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka. Kowa yana jin Hausa. In kana son ganin tsohon mazauni a kan dutse ko kogo, ka nemi mai unguwa ya haɗa ka da yaro, ka kuma sallame shi da abin kirki. Akwai wuraren da suke na kakanni ne, baƙo ba ya taka su, kuma ba allo aka kafa ba balle ka karanta. Matsattsen gajeren wandon nan na 'yan tsere, ka ɗora wani sakakke a kansa kafin ka shiga cikin jama'a. Kiristoci suna da yawa a yankin, ranar Lahadi da safe za ka tarar shaguna a rufe mutane suna coci, sai ka shirya guzurinka. Masallatai kuma akwai, ba za ka rasa inda za ka yi azahar ba.

Gangarowa ta fi hawa haɗari. Kada ka damƙe birki tun daga sama har ƙasa, bakin wilin zai yi zafi, robar birkin ta daina kamawa. Kama, saki, kama, kuma ka rage gudu tun kafin ka shiga kwana, ba a cikinta ba. Ruwa yana tara yashi daidai kan kwana, ga awaki, ga yara da za su biyo ka da gudu suna ihu don murna. Hular kwano dole ce.

Sai maganar maciji, wadda baƙi ke ɗauka da wasa. Ƙasar Kaltungo da Billiri ƙasar kububuwa ce, shi ya sa asibitin masu saran maciji da ake zuwa daga jihohi da dama yake a Kaltungo. A kan kwalta babu abin da zai same ka. Haɗarin yana wurin tsayawa: shiga ciyawa don kama ruwa, zama a kan tarin duwatsu, faci a gindin kunya da yamma. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga ba tsotsa ba ɗauri, a hana ƙafar motsi a nemi abin hawa zuwa asibitin nan take.

Lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. Ruwa ya ɗauke, duwatsu ba su gama bushewa ba, hazo bai rufe gari ba, daga sama kana hango dutsen Tangale da filayen da ke ƙarƙashinsa. A tsakiyar hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, ka tuna da ita a hanyar dawowa. Maris da Afrilu kuwa ka haƙura, zafi yana kai 40. Ka bar Kaltungo da hantsi bai ɗaga ba, ka sauko kafin la'asar. Ka riƙe gora biyu ta ruwa, ɗaya da ɗan gishiri da sukari, ga dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu. Tib biyu, famfo, faci da sholisho su zama a jikinka, domin mai facin ƙauye yana da hannu amma ba ya ajiye tib ɗin keken tsere, famfonsa ma sau da yawa ba ya kama siririn bakin tib ɗin. Kada ka tafi kai kaɗai, ku zama uku ko fiye, kuma wani a gida ya san hanyar da kuka bi.

Kafin ranar, ka gwada ƙafarka a hanyar Dadin Kowa ta Kwadon. Bai kai kilomita 40 sosai ba zuwa madatsar ruwan da ke kan Gongola, ga dutsen Bima a gabanka, kuma dawowar tana da hawa a hankali da zai nuna maka gaskiyar giyarka. In ka je ka dawo kafin azahar ba ka jigata ba, Tula ba za ta gagare ka ba. Gombe Abba kuma, inda Buba Yero ya kafa masarautar Gombe kafin a mayar da fadarta Nafada a 1913 sannan Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919, tafiya ce ta daban ta hanyar Dukku. Babu hawa mai tsanani, amma akwai nisa tsakanin garuruwa kuma ruwa yana wuya a yankin, wannan sai da motar rakiya.