Bohol kusa da sokawe a sabon rukunin gidaje, in cika kuɗin ko in haƙura?

TAMBAYA: Salam Injiniya, Allah ya ƙara basira. Akwai wani babban rukunin gidaje da shaguna da ake ginawa nan Zariya ta bayan gari, shaguna a gaba, benaye a baya, har da gidan abinci da wurin wankin mota da ƙaramin asibiti. Na ba da rabin kuɗin shago ɗaya da fulat ɗaya. Da na je dubawa sai na ga kowane bene da bohol ɗinsa da sokawe ɗinsa, na taka tsakaninsu bai fi taku 12 ba. Ɗan kwangilar ya ce kar in damu zurfin bohol ɗin mita 60 ne, sokawen kuma irin wanda ba ya cika ne ko shekara 20 za a yi. Iyalina ta kusa haihuwa, wallahi hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Kar ka cika kuɗin nan tukuna. Taku 12 bai kai mita 10 ba, mu kuwa mafi ƙarancin tazarar da muke yarda da ita tsakanin bohol da ramin bahaya mita 30 ne, shi ma sai bohol ɗin yana ta tudu sokawen yana ta gangare.

Amma abin da ya fi ɗaga min hankali maganar nan ta "ba ya cika". Kullum sai na ji ta, birkila ya faɗa, filamba ya faɗa, dillali ya faɗa yana washe baki kamar kyauta ya ba ka. To Malam tambaya ɗaya, in ba ya cika ina abin yake tafiya? Gidan da ke da ban-ɗakin zamani mukan lissafa wa kowane mutum kusan lita 100 a rana, kuma wajen kashi 80 cikin 100 na ruwan nan ƙasa yake komawa a matsayin ƙazanta, ka lissafa bene mai mutum 50 ka ga lita 4,000 kenan kowace rana, ba hutun Juma'a ba na Sallah. Ramin farko, wato tankin da bahaya ke fara sauka, dole ne ya zama an zuba masa kankare a ƙasa an shafe shi ciki ba ya yoyo, ya tara dauɗar, bayan 'yan shekaru a kira mota ta kwashe. Cikar nan ita ce shaidar yana aiki. Ruwan da ya taso sama ne kawai ke wucewa rami na biyu ƙasa ta tsotse. Su kuma masu cewa ba ya cika abin da suke yi sai su bar gindin tankin ba kankare, su bar ƙofofi a jikin bulo, wani ma ya yi ta haƙa har sai ya taɓo ruwa ya ce ai shikenan an huta. An huta kam, an haɗa masai da rijiya.

Zancen mita 60 kuwa, wanda ya san ƙasar Zariya ba zai kafa hujja da shi ba. Mu a kan dutse muke zaune, irin wanda ka ke gani ya fito fili a Kufena, samansa marmara da ruɓaɓɓen dutse, ruwanmu a cikin wannan ruɓaɓɓen yake da kuma tsagogin dutsen. Yashi da ƙasa suna tace ruwa, tsagar dutse ba ta tace komai, wucewa kawai yake. Sannan duk sanda aka kunna famfo bohol yana janyo ruwan da ke kewaye da shi ne, har da na sokawen. Uwa uba in masu haƙar ba su ɗura siminti tsakanin bututun da bangon ramin daga sama ba, kuma da yawa ba sa yi don buhu nawa ne za su rage, to ruwan sama-sama zai bi jikin bututun ya gangara ko da mita 100 ne. A watan Agusta da rijiyoyin unguwa ke cika har guga ba ta buƙatar doguwar igiya, a lokacin ne komai ke cakuɗewa, a lokacin ne kuma amai da gudawa da taifod ke yawa.

Kar kuma wani ya ɗebo maka a kofi ya ce duba garau yake ba wari. Ƙwayar cuta ba a ganinta, sinadarin naitiret ma da ke fitowa daga bahaya ba launi ba ɗanɗano, in ya haura miligiram 50 a lita haɗari ne ga jariri ɗan watanni in ana haɗa masa madara da ruwan, kuma tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take. Jama'a mu ji tsoron Allah, mutum ya karɓi miliyoyin bayin Allah ya ƙawata geti da fitilu da fenti, abin da ke binne a ƙasa wanda ba mai gani ya ha'ince su, amana ce fa, kuma 'ya'yan mutane ne za su sha.

Wuri mai girma haka ba a yi masa tsarin gida-gida. Bututu ɗaya ake ja ya tattara ƙazantar duka zuwa gefen gangare a sarrafa ta a can, bohol kaɗan a gefen tudu su cika babban tanki a raba, in bututun hukumar ruwa ya iso wajen a jona. Gidan abinci a yi masa tarkon maiƙo, wurin wankin mota da asibitin kowanne nasa ruwan daban.

Ka ce ɗan kwangilar ya nuna maka zanen ruwa da magudanai mai hatimin injiniya mai rajistar COREN, wato hukumar kula da aikin injiniyoyi ta Najeriya, da takardar izinin gini ta KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, kuma ka riƙe zanen ka zaga da shi don takarda daban abin da aka binne daban. Ka ɗebi ruwan da damina ka kai ɗakin gwaji, ga jami'ar ABU nan kusa, a duba E. coli, wato ƙwayar da ke nuna bahaya ya shiga ruwa, da naitiret. Ka tambaya kuma a rubuce wa zai riƙa biyan kwasar tanki da gyaran famfo da taransifoma bayan ya sayar ya tafi. In ya fara ce maka kai ka cika bincike, ka nemi kuɗin da ka bayar tun ba a kai ga rufi ba.