Murtuke ko turɓune, wacce za ta shiga gurbin?

Tambaya daga wata mai karatu a Bolari, Gombe: "Malam, an ba ɗana wasan cike gurbi na Hausa a makaranta. An ce 'abin da mutum ke yi wa fuska in ransa ya ɓaci', gurbi 7. Mun samu harufa huɗu: _ U R _ U _ E. Wace kalma ce?"

Malama, kalmomi biyu ne suka dace da wannan tsarin, shi ya sa kuka tsaya: MURTUKE da TURƁUNE. Duka harufa 7 ne, kuma U, R, U, E suna wuri ɗaya a cikinsu. Gurbi na 1, na 4 da na 6 ne za su raba gardama. Ki fara da kalmar da ta ratso gurbi na 4 daga sama. In T ta bayar, murtuke ce. In Ɓ ce, turɓune. A kula, masu bugawa da waya kan sa B a madadin Ɓ, sai yaro ya ga "turbune" ya ɗauka ya yi kuskure.

In babu kalmar da ta ratsa, ma'ana za a bi, don ba abu ɗaya suke nufi ba. Murtuke fuska na mai fushi ne da ba ya son wargi: gira ta haɗe, goshi ya tattare, baki a tsuke, kamar maigidan da ya shigo yara suka yi tsit. Shi ake cewa ya sha kunu ko ya sha mur. Turɓune kuwa ta fi zama a fuskar yaron da aka aika niƙa yana tsakiyar wasa, kumatu sun cika, baki ya zumɓuro, hawaye na kusa. Akwai shagwaɓa a ciki. Tunda bayanin ya ce rai ya ɓaci, bai ambaci yaro ba, ni murtuke zan rubuta, amma da fensir.

Kada gatsine ko yatsine su ruɗe ku. Na raini ne da ƙyama, kuma ba su da U. Lissafinsu ma ya danganta da wanda ya tsara wasan: a abacadan Hausa "ts" harafi ɗaya ne kamar "sh", don haka wani zai ba su gurbi 6, wani 7. Harara tana da 6, kuma aikin ido ce.