Shawarar Lauya: An ce mini AA ce, ga ɗana da sikila

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wadar Kaduna ta rubuto cewa kafin aurenta ta yi gwajin jini a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, aka ba ta takarda cewa AA ce, wato ba ta ɗauke da gadon sikila a jininta. Angon AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila amma ba ya ciwon, aka ɗaura aure hankali kwance. Yanzu likita ya tabbatar ɗansu na fari SS ne, wato mai ciwon sikila, ita kuma da aka sake gwada ta sai ga AS. Tana tambaya ko tana da hakki.

'Yar'uwa, Allah ya ba yaron lafiya. Kina da hakki, amma hujja ce za ta ƙwato miki shi.

Ki adana takardar sakamakon farko kamar yadda kike adana gwal ɗinki. Ranar da aka ɗebi jinin, lambar samfurin, sa hannu da hatimi, duk suna kanta. Ki sake gwaji a wani wuri na uku mai rajista, domin za su iya cewa na biyun ne ya yi kuskure. Rasit na magani, na kwanciya asibiti, na ƙarin jini, kada ki yar da ko ɗaya.

A shari'ar sakaci abu uku kotu ke nema: akwai nauyin kula da ke a kansu, sun gaza sauke shi, kuma gazawar ce ta jawo cutarwar. Na biyun ne wurin fafatawa. Ƙa'idar aiki ita ce a rubuta suna da wata shaida ta biyu, kamar lambar kati ko ranar haihuwa, a jikin kwalbar a gaban mai jinin. A layi guda a garin nan sai ki tarar da Aisha Muhammad uku, ga kwalabe jere kan tire babu rubutu, ma'aikaci na cewa zai rubuta daga baya. Nan ake musanyar. Don haka lauyanki zai nemi littafin rajistarsu na wannan rana, a ga wa aka ɗiba kafin ke da bayanki. Mai ɗakin gwajin yana ɗaukar alhakin kuskuren ma'aikacinsa a bakin aiki, saboda haka har da mai ɗakin za a shigar a ƙarar.

Kina iya kai koke ga MLSCN, hukumar da dokar 2003 ta ɗora wa kula da masu gwaje-gwaje da ɗakunansu. Tana bincike tana ladabtarwa, amma ba ta biyan diyya. Akwai kuma FCCPC mai kare hakkin masu sayen kaya da ayyuka. Diyya kam galibi sai Babbar Kotun Jiha, ko sulhu a rubuce. Ni na fi son a fara da wasiƙar lauya, domin sau da yawa a nan ake daidaitawa. Sai dai kada ki sa hannu a takardar yafiya don an miƙo miki kuɗin magani na wata guda, alhali jinyar sikila ta tsawon rai ce.

Kada ki ɓata lokaci, ƙara tana da wa'adi. Da asibitin gwamnati ne ma, dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar. Idan kuɗin lauya ya gagara, ofishin Legal Aid Council da ke Kaduna na taimaka wa marasa ƙarfi.

Ki kuma je da maigida wurin likita ku tattauna, domin tunda ku biyun AS ne, kowane ciki na da yiwuwar kashi 25 cikin 100 ya zo SS.