Tambaya da Amsa: Indian pudding ɗina ya yi gudaji, ga ɗaci

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ina zaune a Boston ta Amurka, maƙwabciyata ta gayyace mu cin abincin Thanksgiving, wato bikin godiya na shekara-shekara, ta ce kowa ya zo da abu ɗaya. Na yi alkawarin kawo Indian pudding, wato gasasshen haɗin garin masara da madara mai zaƙi, don na taɓa ci a gidanta ya yi min daɗi. Da na gwada sai ya fito da gudaji, ruwa ya kwanta a gefe, ga ɗaci-ɗaci. Ina matsalar take?

Amsa: Ƙanwata, bikin sai Alhamis ta huɗu ga watan Nuwamba, kina da lokacin gyarawa.

Mu fara da ɗacin, shi ya fi sauƙi. Duba kwalbar molas ɗinki, wato ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari. Idan an rubuta blackstrap, to shi ne mai laifin, domin shi ne ragowar ruwan rake bayan dahuwa ta uku, an tatse mafi yawan sukarinsa. Sayi mai hasken kala.

Sauran biyun kuwa gaggawa ce, kuma wannan abinci ba ya shiri da mai gaggawa tun asali. Turawan Ingila da suka zauna a yankin New England na Amurka a ƙarni na 17 sun saba da fate-faten garin alkama da madara. Alkama ba ta yi musu kyau a can ba, sai suka koma garin masarar da suka samu wajen 'yan asalin ƙasar. Molas kuma jirage ke kawo shi daga gonakin raken Karibiyan, ya fi sukari araha nesa ba kusa ba. A tandar bulo suke gasa shi awanni, wuta na lafawa a hankali. Obin ɗinki ma haka za ki bi da shi.

Ki tanadi madara kofi 4, garin masara ja kofi ½, molas kofi ½, bota cokali 2, ƙwai 2, garin citta da kirfa ƙaramin cokali ɗaya-ɗaya, da ɗan gishiri.

Ki ɗora kofi 3 na madarar a wuta kaɗan har ta fara tururi, kada ta tafasa. Ki dama garin da sauran kofi ɗayan mai sanyi, sannan ki riƙa tsiyayawa kina juyawa, kamar dai za ki yi talge. Busasshen gari a cikin madara mai zafi shi ya ba ki gudajin nan. Daga nan ki tsaya a kansa minti 15 zuwa 20, hannu ba ya hutawa, kina kankare gindin tukunya, har ya yi kaurin da zai kama bayan ludayi. Nan mutane suka fi yin ha'inci, su sauke bayan minti biyar su ce ai obin zai ƙarasa. Ba ya ƙarasawa. Garin da bai nuna ba sai ya zauna ƙasa, ruwa ya taso.

Ki sauke, ki zuba molas, bota da kayan ƙamshi. Ƙwan ki kaɗa shi daban, ki ɗiba masa ludayi ɗaya na haɗin mai zafi ki juya, kafin ki mayar da shi tukunya, in ba haka ba zai dahu ya tsinke. Ki shafa wa kwanon gashi bota ki juye, ki zaunar da shi cikin faranti mai ruwan zafi. Digiri 300 a ma'aunin obin ɗin Amurka, wato 150 a Salshiyas, kimanin awa 2.

Kada ki jira ya tsaya kamar kek, da cokali ake ɗiba. Idan gefe ya kama, tsakiya na ɗan rawa, ki fitar ki bar shi rabin awa ya ɗaure. Ba shi da kyan gani, baƙi-baƙi ne, kada hakan ya dame ki. Mutanen can da ɗuminsa suke ci, da askirim na banila a kai. Tunda obin ɗin maƙwabciyarki gashin talotalo zai cinye shi ranar, ki gasa naki tun Laraba, ki ɗumama da ɗan madara kafin ki fita.