Ina fim ɗin The American Venus ya shiga?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga hoton wata 'yar wasa mai suna Louise Brooks, an rubuta cewa daga fim ɗin The American Venus aka ɗauko shi. Na nemi fim ɗin ko'ina a intanet ban same shi ba. An hana nuna shi ne?

Amsa: Malama, ba wanda ya hana shi. Ɓacewa ya yi, kuma har yau ba a ga cikakken kwafinsa ba.

Kamfanin Paramount ya fitar da shi a farkon 1926, zamanin da ba a jin magana a fim, sai dai a karanta rubutu a allo, mai kiɗa yana rakiya a cikin silima. Frank Tuttle ne darakta. Labarin barkwanci ne a kan 'yan kasuwa biyu masu yin man shafawa na mata, kowa yana son ya kwace wa ɗan'uwansa kasuwa. Esther Ralston ta fito a matsayin 'yar ɗaya daga cikinsu, aka shigar da ita gasar sarauniyar kyau don man babanta ya samu talla. Abin da ya ja jama'a shi ne an ɗauki wani ɓangare a ainihin gasar Miss America ta 1925 a Atlantic City, kuma Fay Lanphier, wadda ta lashe gasar a shekarar, ta fito da kanta. Wasu wuraren ma masu launi ne, da tsohuwar fasahar Technicolor mai launi biyu. Louise Brooks kuwa ƙaramin matsayi ta samu, amma nan ne aka fara rubuta sunanta a jerin 'yan wasa.

To yaya fim irin wannan zai ɓace? Faifan wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa. Yana kama wuta nan take, in ya kama, ruwa ba ya kashe wutar, in kuma ya daɗe a ajiye sai ya yi danƙo, ya dunƙule, ƙarshe ya zama gari. Gobarar rumbun kamfanin finafinai na Fox ta 1937 a New Jersey kaɗai ta cinye tarin finafinai. Amma a ganina babban laifin na kamfanonin ne. Da finafinai masu magana suka shigo daga 1927, sai suka ɗauki tsofaffin a matsayin kwantai. Ajiya tana cin kuɗi, ga kuma azurfa a jikin faifan da za a iya tacewa a sayar. Wannan yana ci mini rai, domin mutane ne suka zauna suka yanke shawarar zubar da aikin wasu. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na manyan finafinan Amurka marasa magana sun salwanta gaba ɗaya.

Abin da ya rage na wannan fim shi ne tallansa, da hotuna, da 'yan gutsattsari. A 2018 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sanar da gano wani guntu mai launi na 'yan daƙiƙoƙi, Louise Brooks tana ciki, an liƙa shi a bakin faifan wani fim daban. Ki nemi tallan da wannan guntun, za ki same su a intanet.